Hasumiyar Pisa: Yadda Aka Gyara Harsashin da Ya Lotsa ta Hanyar Rage Masa Ƙasa

A ranar 7 ga Janairu 1990 hukumomin Italiya suka rufe hasumiyar Pisa, suka hana kowa hawa. Ba karkatarta ce ta zo musu a sabo ba. An yi ƙarnuka ana kallonta a haka, ita ce ma take jawo baƙi daga ko'ina. Abin da ya tayar musu da hankali ya faru ne a garin Pavia, inda ranar 17 ga Maris 1989 wata tsohuwar hasumiya ta rufto ba zato ba tsammani, ta kashe mutum huɗu. Ita ta Pavia a miƙe take, bangonta ne ya gaji da ɗaukar nauyin kansa. To ina ga wadda ta riga ta sunkuya?

A lokacin da aka rufe ta, harsashin hasumiyar ya karkata kudu da kimanin digiri 5.5, samanta kuma ya goce daga inda ya kamata ya tsaya da fiye da mita 4. Duk shekara tana ƙara wajen milimita ɗaya da rabi a can sama, ninki biyu ke nan na saurin da take yi a shekarun 1930. Gini ne mai tsawon kusan mita 56 da nauyin tan 14,500.

Domin bayanin yadda ake gyara harsashin da ya lotsa, na ɗauko wannan lamari ne maimakon na wani gidan zama, domin da wuya a sami ginin da aka daɗe ana auna lotsawarsa kamar wannan. Kusan duk dabarar da ake kawo wa mai gida idan bangonsa ya tsage, daga ɗura siminti zuwa ƙara wa harsashi zurfi, ko an gwada ta a nan ko an yi nazarinta an ajiye, kuma abin da kowace ta haifar yana rubuce.

Ƙasar da aka ɗora ta a kai

Pisa tana kusa da inda kogin Arno ke shiga teku, ƙasarta kuwa abin da kogi da teku suka shimfiɗa ne sannu a hankali. Injiniyoyi sun kasa ta kashi uku. Mita 10 na farko cakuɗen yashi ne da taɓo, ruwa yana kwance mita ɗaya zuwa biyu kacal daga sama. Ƙarƙashinsa laka ce ta tsohon teku har zuwa zurfin mita 40. Sashenta na sama, wanda ake kira Pancone, yana da taushi ƙwarai, kuma da an motsa shi sai ɗan ƙarfin da yake da shi ya tafi. Sai can ƙasa a sami yashi mai tauri. A kan wannan aka aza harsashi mai faɗin mita 19.6, wanda zurfinsa bai wuce mita 3 ba.

Ko shimfiɗar saman ma ba iri ɗaya ba ce. Gefen kudu ya fi laka, gefen arewa ya fi yashi. Wannan bambancin shi ne asalin ciwon. Gini yana iya sauka gaba ɗayansa bai yi ko tsaga ba. Hasumiyar kanta ta nutse kusan mita 3 cikin ƙasa, kuma ba wannan ne ya dami kowa ba. Abin da ke karya bango ko ya karkatar da gini shi ne wani gefe ya fi wani sauka.

An aza harsashin ranar 9 ga Agusta 1173. Wajen 1178, ana cikin hawa na huɗu, aiki ya tsaya, ya kuma yi kusan shekara ɗari a tsaye. Wannan tsaikon ne ya ceci ginin. Laka tana riƙe ruwa a jikinta. Idan aka ɗora mata kaya, ruwan ne ke fara ɗauka, sai ya tsattsafe a hankali, shekara da shekaru, kafin ƙwayoyin ƙasar su matsu su yi ƙarfi. Lissafin injiniyoyin zamaninmu ya nuna da an zarce da aikin a wancan lokacin, da lakar ta suɓuce daga ƙarƙashi ginin ya kife. An koma bakin aiki a 1272, aka kai hawa na bakwai a 1278, aka sake tsayawa. Ɗakin ƙararrawa na can ƙoli sai tsakanin 1360 da 1370 aka ɗora shi.

Maginan sun san abin da ke faruwa, shaidar tana jikin duwatsun. Da farko ma arewa ta ɗan karkata, daga baya ta juya kudu, su kuma suna bin ta suna ƙara wa gefen da ya sauka tsawo domin daɓen kowane hawa ya daidaita. Shi ya sa hasumiyar ba miƙaƙƙiya ce da ta jingina ba, a lanƙwashe take. Wanda ya hau zuwa ɗakin ƙararrawa zai ga matakala shida ta kudu, huɗu ta arewa. Wannan tsohon salon gyara ne, wato a ɓoye matsalar ta sama: a cike tsaga da filasta, a ƙara wa daɓe kauri, a feƙe ƙofar da ta daina rufuwa. Ƙasa kuwa ba ta san ana yi ba.

Gyaran da ya ƙara ɓarna

A 1838 wani masanin zanen gini, Alessandro Gherardesca, ya ga ƙasa ta haɗiye gindin ginshiƙan hawa na farko, sai ya sa aka haƙa hanya kewaye da hasumiyar don a riƙa ganinsu. Ita ce ake kira catino, tana nan har yau. Ta gefen kudu haƙar ta wuce inda ruwa yake kwance, ruwa ya ɓullo ya cika ramin. Wasu Turawan Ingila biyu, Cresy da Taylor, sun auna karkatar da igiya mai nauyi a 1817. Wani Bafaranshe, Rohault de Fleury, ya sake aunawa a 1859. Tsakanin awon biyu an sami ƙari mai yawa, kuma haƙar Gherardesca ce ake ɗora wa laifin. Ƙasar da ke gefen harsashi ba ado ba ce, tana tokare da wadda ke ƙarƙashinsa. Duk wanda ya haƙa rami mai zurfi jikin bango, ko na ruwan wanka ne ko na bututu, ko maƙwabci ne ke haƙa nasa harsashin, wannan tokarin yake cirewa.

Ruwa ya ci gaba da tsattsafowa cikin catino, don haka a 1934 aka huda harsashin wuri 361 aka ɗura masa ruwan siminti domin a toshe. Tun 1911 ake awo na kai a kai, saboda haka babu gardama kan sakamakon: hasumiyar ta yi tsalle ta ƙara karkata kudu a daidai lokacin aikin. Garin neman gira aka kusa rasa ido. A farkon shekarun 1970 kuma aka yawaita zuƙo ruwa daga rijiyoyi masu zurfi a yankin, ƙasar ta sauka, karkatar ta ƙara sauri, sai da aka rage zuƙon ta koma yadda take.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan da aka yi da mugun nufi. Abin da ya haɗa na 1838 da na 1934 shi ne an taɓa gindin ginin alhali ba a san abin da ke motsa shi ba.

Gano ciwon

Kwamitin da gwamnati ta kafa a 1990 yana ƙarƙashin Farfesa Michele Jamiolkowski na Turin, masanin ƙasar gini. Cikinsa akwai John Burland na Imperial College da ke Landan, da Carlo Viggiani na Naples, da injiniyoyin gini, da masana tarihi da na adana kayan tarihi. Sharaɗin aikin yana da wuya: a hana ta faɗuwa, amma kada a miƙe ta, kada kuma a jingina mata wani abin da zai ɓata kamanninta.

Haɗari biyu suka gani. Na farko a jikin bangon yake. Bangon ba dutse ne zalla ba, fuska biyu ne na sassaƙaƙƙen dutse, ciki da waje, tsakaninsu an cika da ɓaraguzai da kwaɓi, har da guraben da ba su cika ba. A saman hawa na farko kaurin bangon yana raguwa farat ɗaya, kuma ta gefen kudu, daidai inda nauyi ya fi taruwa, nan ne matakalar da ke kewayawa cikin bangon ta ratsa. Idan wurin nan ya fashe, abin da ya faru a Pavia ne zai maimaitu, ba gargaɗi.

Na biyu a ƙasa yake, kuma nan ne aikin ya yi kyau. Kowa ya ɗauka gefen kudu ne ke ci gaba da nutsewa cikin lakar Pancone. Da Burland ya zauna da awon da aka tara na shekaru masu yawa, sai ya ga wani abu daban. Tsakiyar harsashin ba ta sauka. Gefen arewa ne ke tasowa. Wato hasumiyar juyawa take yi, ba nutsewa ba, kuma abin da ke juya ta yana cikin mita 10 ɗin sama ne, ba can cikin laka mai zurfi ba. Da aka dasa bututun auna ruwa kewaye da ita, sai sauran labarin ya fito. Idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi, musamman daga Satumba zuwa Disamba, ruwan ƙasa na gefen arewa yakan taso ya fi na kudu, ya ɗan ɗaga wannan gefen. Bayan ruwan ya sauka ginin yakan dawo, amma ba duka ba. Ɗan abin da ya rage kowace shekara shi ne milimita ɗaya da rabin nan.

Me ya sa ɗan wannan motsi zai yi wa gini mai tan 14,500 tasiri? Ka tsayar da doguwar kwalba cike da ruwa a kan katifa mai laushi. Katifar ba za ta yage ba, amma da kwalbar ta ɗan jingina, nauyinta ya koma gefe ɗaya, gefen ya ƙara lotsawa, ita kuma ta ƙara jingina. Haka hasumiyar take, tana daf da iyakar da tsawonta zai fi ƙarfin taurin ƙasar. Ƙarƙashin gefen kudu kowace murabba'in mita tana ɗauke da wajen tan 100, ƙarƙashin gefen arewa kusan babu komai.

Wannan mataki na gano ciwon ne masu gidaje suka fi tsallakewa, domin ba a ganin aikinsa, kuma yana cin lokaci. Tsagar da ta fito daga harsashi tana da kamanninta: takan tafi a karkace, sau da yawa daga kusurwar taga ko ƙofa, baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ana ganinta ciki da waje a wuri guda, ƙofofi kuma su fara cijewa. Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, ta kasa tsaga gwargwadon faɗi. Wadda ba ta kai milimita 5 ba yawanci ta ado ce, cikewa ta isa. Daga 5 zuwa 15 sai an taɓa ginin kansa. Wadda ta haura 25 babban aiki ce. Amma faɗin tsaga a rana ɗaya bai faɗi komai sosai ba. Abin tambaya shi ne tana motsi ko ta tsaya. Ana manna ƙananan faranti biyu na roba masu layin awo, ɗaya kowane gefen tsagar, a riƙa karantawa duk wata ana rubutawa, har shekara ta zagayo. Tsagar da ke buɗewa lokacin fari ta rufe lokacin ruwa, laka ce ke ƙanƙancewa da kumbura, galibi da hannun saiwar bishiya a ciki. Wadda ke buɗewa kullum ba ta komawa, sai a nemi bututun da ke yoyo yana wanke ƙasa, ko cikon da ba a daddanne shi da kyau ba. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Abin da ya hana a yi mata irin na gida

Idan an tabbatar harsashin gida ne ya gaza, hanyar da aka fi sani ita ce a ƙara masa zurfi. Ana haƙa rami ƙarƙashinsa mai tsawon kusan mita ɗaya har a taɓa ƙasa mai ƙarfi, a zuba kankare, a bar 'yar rata tsakaninsa da tsohon harsashin. Bayan ya kama, a cusa kwaɓin siminti da yashi mai ɗan danshi kawai a cikin ratar, a dandaƙe shi da guduma har ya matse. Ba a buɗe ramuka biyu maƙwabta a lokaci ɗaya, tsallake ake yi, domin bango yana iya ɗaukar kansa a kan gajeren gibi amma ba dogo ba. Inda ƙasa mai ƙarfi ta yi nisa, sai a kafa turaku na kankare ko na ƙarfe, wasu ana tura su da injin, wasu ana murɗa su kamar sukuru, a ɗaura su da harsashin, wani lokaci har a sa jak a ɗan ɗago ginin. Akwai kuma ɗura wani sinadari mai kumbura cikin ƙasa, wanda ke cike gurbi ya matse yashi. Yana aiki a ƙarƙashin daɓe da ƙasa mai sako-sako, amma ba ya hana laka shan ruwa da bushewa. Kowace a cikinsu tana da tarkonta. Wanda aka fi faɗawa shi ne a tokare kusurwa ɗaya a bar saura. Kusurwar ta tsaya cak, sauran gidan ya ci gaba da motsinsa, sabuwar tsaga ta fito a mahaɗarsu.

A Pisa duk waɗannan na nufin a yi haƙa ko huda a gefen kudu, inda ƙasa ke ɗauke da kaya iyakar ƙarfinta, ga yashi mai tauri yana can mita 40. Wanda ya ga abin da 1838 da 1934 suka haifar ba zai yarda ba. Ƙa'idar da ta fito daga binciken ita ce a bar kudu kurum, a yi duk abin da za a yi ta arewa. Tunda arewa ce ke tasowa, ita za a saukar.

Aka fara da na wucin gadi. A 1992 aka ɗaure bangon da igiyoyin ƙarfe a daidai wurin nan mai rauni. Daga Yuli 1993 zuwa farkon 1994 aka jera tubalan dalma, tan 600, a kan wani zoben kankare da aka zuba a gindin ginin, duka ta gefen arewa. Ana ɗora kowane, a jira, a karanta awo, sannan a ɗora na gaba. Hasumiyar ta koma arewa da abin da bai kai santimita 2 ba a sama. Kaɗan ne, amma ya tabbatar da cewa lissafin daidai yake.

Sai kuma kwamitin kansa ya yi tuntuɓe. Dalmar ta munana wurin, aka so a maye ta da igiyoyin ƙarfe goma da za a kafa cikin yashin can ƙasa su riƙa jan gefen arewa. Hakan na buƙatar sabon zoben kankare ƙarƙashin daɓen catino, cikin ruwa, don haka aka yanke shawarar daskarar da ƙasar da ruwan naitirojin mai tsananin sanyi kafin a haƙa. Ana cikin aikin aka tarar da tsohon kankare ƙarƙashin daɓen, wanda bututun ƙarfe da aka bari tun aikin 1934 suka haɗe shi da jikin hasumiyar, abin da ba a yi lissafi da shi ba. Da aikin ya kewayo wajen kudu a Satumba 1995, hasumiyar ta kama tafiya kudu da saurin da ba a saba gani ba. Aka dakatar da komai, aka ƙara dalma cikin gaggawa har ta kai wajen tan 900. Masu aikin suna kiran watan Baƙar Satumba. A ganina wannan ne wuri mafi amfani a duk labarin ga mai tsohon gida: gyaran da wani ya yi shekaru da suka wuce ya riga ya zama sashen ginin, ko yana cikin zane ko ba ya ciki.

Zaro ƙasa

Dabarar da ta yi aiki ba sabuwa ba ce. A 1832 James Trubshaw ya miƙe hasumiyar wani coci a Wybunbury da ke Ingila ta hanyar huda ƙasa a gefen da ya fi tudu. A 1962 wani injiniyan Italiya, Fernando Terracina, ya ba da shawarar a yi wa Pisa haka, ba a ɗauka ba. A shekarun 1990 an yi amfani da ita a babban cocin birnin Meziko. Tunanin mai sauƙi ne: a ciro ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin gefen da ya ɗaga, gurbin ya rufe da kansa, gefen ya sauka.

Tsoron shi ne kada rage ƙasa ta arewa ya ƙara wa kudu kaya. Aka yi gwaji a kwamfuta da ƙananan samfura, sannan aka gina wani harsashin gwaji mai faɗin mita 7 a cikin filin, aka ɗora masa nauyi a karkace, aka zaro ƙasa ƙarƙashinsa. Gwaje-gwajen suka nuna akwai iyaka. Muddin ana zarowa daga arewacin wani layi, wanda ke kusan rabin tazarar da ke tsakanin bakin harsashin na arewa da tsakiyarsa, ginin arewa zai koma. Idan aka ƙetare layin, sai abin ya juye. Kafin a taɓa hasumiyar kanta, a ƙarshen 1998 aka ɗaura mata manyan igiyoyin ƙarfe a hawa na uku, aka ja su zuwa wasu turaku kimanin mita 100 ta arewa, ko da wani abu zai faru.

Injin haƙar ya cancanci a dube shi da kyau, domin a nan gwanintar take. Bututu ne da bai kai faɗin tafin hannu biyu ba, ana tura shi a kwance-kwance daga nesa har bakinsa ya isa ƙarƙashin gefen arewa. A cikinsa akwai ƙarfe mai zare. Wajen shiga, bututun yana juyawa ta nan, ƙarfen yana juyawa ta can, don kada a dagula ƙasar da ake ratsawa. Idan an kai inda ake so, sai a tsayar da injin, a janye shi baya kamar mita ɗaya da 'yar ƙasar da ya riƙo. Abin da ke fitowa kowane ja wajen lita 20 ne, cikin bokiti guda. Gurbin da aka bari ba a cika shi da komai, nauyin da ke sama ne ke rufe shi a hankali.

An fara a Fabrairu 1999 da ramuka 12 kawai. Mako na farko hasumiyar ba ta nuna alamar ta ji ba. Daga nan ta soma komawa arewa, kaɗan-kaɗan. Abin da ya fi kwantar da hankali shi ne an gano ana iya sarrafa ta: idan ta fara gocewa gabas, a ƙara zarowa daga ramukan yamma, ta dawo. Kullum ma'aikatan wurin suna aika awon ranar ta fakis ga injiniyan da ke da alhakin aikin, shi kuma ya duba, ya rubuta ramin da za a taɓa gobe da yawan abin da za a cire, ya sa hannu. Ba a cire ko cokali ɗaya sai da wannan takarda.

Da aka gamsu, ranar 21 ga Fabrairu 2000 aka shiga cikakken aikin da ramuka 41, rabin mita tsakanin kowane biyu. Ana cire kimanin lita 120 a rana, kuma abin da hasumiyar ke karkata a shekara guda a da, shi take dawowa a yini ɗaya. Ana tafiya ana sauke dalmar, zuwa farkon 2001 an kwashe ta duka, hasumiyar ba ta koma kudu ba. An gama zarowa a Yuni 2001. Jimillar ƙasar da aka cire kubik mita 38 ce, lodin 'yan tifofi kaɗan. Karkatar ta ragu da kusan rabin digiri, wato wajen santimita 45 a sama, ta koma kusan yadda take kafin haƙar Gherardesca. Igiyoyin tsaron nan ba a kai ga buƙatarsu ba, aka kwance su. Ranar 15 ga Disamba 2001 aka sake buɗe ta ga jama'a.

Kada mai gida ya ji wannan ya ɗauki shebur. Dabarar ta yi aiki ne domin hasumiyar dunƙule ɗaya ce a kan harsashi ɗaya mai kauri, tana juyawa gaba ɗayanta. Ginin da ke kan faffaɗan kankare guda yana iya karkata haka, kuma ana iya yi masa irin wannan. Gidan da harsashinsa siriri ne mai bin layin bango ba ya karkata a dunƙule, karyewa yake yi. A rage ƙasa ƙarƙashin gefensa mai lafiya, an sami gefe biyu marasa lafiya ke nan.

Ruwan

Rabin digirin nan ya janye ginin daga bakin haɗari, amma bai taɓa abin da ke tura shi ba. Da an tsaya nan, ruwan ƙarshen shekara zai ci gaba da aikinsa, a sake tara milimita bisa milimita. Don haka aka yi abu biyu. Aka haɗe kankaren daɓen catino da harsashin yadda ya kamata, wanda ya ƙara masa faɗin zama. Sannan a 2002 aka haƙa rijiyoyi uku ta arewa, daga kowace aka tura bututun tsane ruwa zuwa ƙarƙashin catino, domin ruwan wannan gefen ya daina tasowa ya fi na kudu. Wannan ne aikin da ba a cika ambata ba, ba shi da hoton da zai burge kowa, amma bayansa hawa da saukar ruwan ya ragu ƙwarai, motsin hasumiyar na shekara-shekara ma ya ragu tare da shi. A gidajen zama ma sau da yawa a nan maganar take ƙarewa: a gyara bututun da ya fashe, a karkatar da ruwan indararo nesa da bango, a yi wa bishiyar da ke tsotse lakar abin da ya dace, a jira shekara a ga ko tsagar ta tsaya kafin a kira masu haƙa.

Wani rukunin masana ya ci gaba da sa ido bayan kwamitin ya miƙa aikinsa. A 2008 aka sanar cewa hasumiyar ta daina karkata kudu. A 2018 rukunin ya ba da rahoton cewa tun daga 2001 ta ƙara komawa arewa da kimanin santimita 4 ba tare da an sake cire mata ƙasa ba, kuma na'urorin awon suna nan a jikinta ana karanta su.